Barorin Gwani: Tarihin Hidima a Tseren Keke na Turai

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, mutanen Faransa da na ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita sukan yi dafifi a gefen hanyoyin duwatsu, wasu da iyalansu da guzurinsu, wasu ma su kwana biyu ko uku a cikin motocinsu, domin su ga wucewar ayarin mahaya keke wadda ba ta ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Kuma a cikin wannan dogon zaman jira, da yake baki ba ya zama banza, babu abin da suke tattaunawa kamar mas'ala guda wadda kakanninsu ma suka yi jayayya a kanta ba su ƙare ba, watau shin gwanin da ya ci tsere da ƙarfin ƙafarsa ya ci, ko kuwa da ƙafafun mutum bakwai ɗin nan da aka ɗauka aiki domin su yi masa hidima. Gama a Tseren Zagaye Faransa, wanda suke kira Tour de France, kowace ƙungiya a yau mutum takwas take shiga da su, su yi mako uku a kan hanya, zango 21, tafiyar da ta kusa kilomita 3,500, amma idan aka iso Paris sunan mutum ɗaya ake rubutawa.

Asalin al'amarin iska ce. Mai keke da ke gudun kilomita 40 a sa'a, mafi yawan ƙarfinsa a kan keta iskar da ke gabansa yake ƙarewa, alhali wanda ya lafe a bayansa, ƙafar kekensa ta gaba na kusan taɓa ta bayan wancan, yakan huta da kimanin sulusin wahalar, wanda ke tsakiyar ayari kuwa hutunsa ya fi haka nesa. Daga nan hikimar ta fito: idan ana so mutum ya isa gindin dutse na ƙarshe da sauran ƙarfi a cinyarsa, lalle ne wasu su ƙone nasu ƙarfin tun da safe suna tare masa iska. Su ne kuma ke ja da baya zuwa motar ƙungiya su cika rigunansu da gorunan ruwa, su sake kutsowa gaba suna rabawa. Su ne ke tsayawa idan tayar maigida ta fashe, su ba shi ƙafar kekensu ko keken ɗungurungum, su tsaya a gefen hanya suna jiran a kawo musu wani. Kuma bayan duk wannan wajibi ne su isa ƙarshen zango kafin wa'adin da aka yanka ya cika, in ba haka ba a kore su daga tseren.

Wanda ya kafa tseren bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Henri Desgrange, editan jaridar L'Auto, wanda shi ma tsohon ɗan tsere ne, ya shirya zagayen farko a 1903 domin jaridarsa ta samu kasuwa, inda mutum 60 suka tashi, 21 suka ƙare tafiyar kilomita 2,428, Maurice Garin na gabansu; aƙidarsa kuwa ita ce tsere jarrabawa ce ta mutum shi kaɗai, tsakaninsa da hanya da rana da kekensa, saboda haka ya haramta kowane irin taimako, ya kuma tsananta a kan haramcin har ya wuce haddi. A 1913 Eugène Christophe, yana cikin waɗanda ake sa ran za su ci, yana gangarowa daga dutsen Tourmalet a tsaunukan da suka raba Faransa da Sifaniya, sai ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ta kekensa ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka wajen kilomita 10 har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya sami maƙera. Amma da yake doka ta hana maƙerin ya sa masa hannu, shi da kansa ya tsuguna gaban wuta yana ƙira, alƙalan tseren na tsaye a kansa suna kallo. Hannu ɗaya na riƙe da ƙarfe, ɗayan na riƙe da guduma, ba shi da na uku da zai zuga wuta, sai ya roƙi wani yaro ya ja masa zugazugi. A kan wannan zugar da yaron ya yi aka ci shi tarar mintoci, mutumin da ya riga ya yi hasarar sa'o'i. Ya hau kekensa ya ci gaba, ya ƙare na bakwai a shekarar. Shi ne kuma aka fara sanya wa rigar rawaya ta jagoran tsere a 1919, ko da yake har ya bar sana'ar bai taɓa cin zagayen ba.

Sai dai doka ba ta iya hana abin da maslaha ta buƙata. Kamfanonin ƙera kekuna, waɗanda su ke biyan mahayan albashi, suna so sunansu ya fito a gaba, mahayan da suka san ba za su ci ba kuma suna so su ci abinci, don haka aka riƙa yin taimakon a ɓoye. A 1911 Desgrange ya tuhumi Maurice Brocco da sayar da ƙarfinsa ga wani mahayi, ya kira shi bara a cikin jaridarsa, domestique a harshensu, kuma wannan sunan da aka yi don zagi shi ya zama sunan sana'ar har yau. A 1929 ɗan Beljiyam Maurice De Waele ya kamu da ciwo yana sanye da rigar rawaya, abokan aikinsa na kamfanin Alcyon suka kewaye shi suka lallaɓa shi har Paris, Desgrange ya fusata ya ce gawa ce ta ci masa tsere. Domin ya karya lagon kamfanonin, a 1930 ya soke ƙungiyoyinsu, ya kawo ƙungiyoyin ƙasashe, kowa a kan keke iri ɗaya mai launin rawaya wanda babu sunan kamfani a jikinsa. Da wannan hukunci ya halatta da hannunsa abin da ya shekara fiye da ashirin yana yaƙa, domin taimakon da ake ƙyama idan don kamfani aka yi shi, da aka ce don tutar ƙasa ne sai ya koma kishi da sadaukarwa, jaridu na yabo. Tsarin ƙasashe ya ɗore har 1961, aka ɗan koma masa a 1967 da 1968, daga 1969 kuma kamfanoni suka karɓi abinsu, amma al'adar hidima ta riga ta kafu.

Wanda ya sa Faransawa suka fara ƙaunar bara shi ne René Vietto. A 1934 yana ɗan shekara 20, babu mai hawan dutse kamarsa a cikin ayarin, sai maigidansa Antonin Magne, wanda ke sanye da rigar rawaya, ya faɗi a gangare ƙafar kekensa ta lalace. Vietto ya cire tasa ya ba shi, ya hau kan wata katanga ya zauna yana kuka, keken da ba ƙafar gaba na jingine kusa da shi, wani mai hoto ya ɗauke shi a haka. Kashegari kuma, yana gaba, labari ya iske shi cewa Magne ya sake samun matsala a baya, sai ya juya ya hau dutsen da ya riga ya gangaro, ya miƙa masa kekensa. Magne ya ci zagayen, Vietto ya zo na biyar bayan ya ci zango huɗu. Tun daga ranar magoya baya suke cewa an tauye yaron, wasu kuma suna cewa ko ba a tauye shi ba tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfinsa. Abin da babu jayayya a kansa shi ne bai taɓa cin zagayen ba, mafi kusa da ya zo shi ne na biyu a 1939, yaƙi kuma ya cinye masa shekarun ƙarfinsa.

Amma idan ana maganar wanda ya mayar da hidimar nan tsari, da horo da ladabi da sanin matsayin kowa, to a Italiya za a same shi. Fausto Coppi, ɗan manoma daga ƙauyen Castellania, an haife shi a 1919, ya fara hawan keke yana yaron mahauci mai kai wa mutane nama a garin Novi Ligure, inda Allah ya haɗa shi da wani makaho mai tausa, Biagio Cavanna, wanda gidansa ya zama tamkar makaranta ga samarin da ke neman sana'ar. Ana ba da labarin cewa wannan makaho yakan tashe su da asuba ya tura su kan hanya, idan sun dawo ya shafa wuyansu da cinyoyinsu, da yatsunsa kaɗai ya gane wanda ya yi aiki da wanda ya yi ha'inci, ya kuma kafa musu sharuɗɗa a kan abinci da barci da kame kai. Shi kansa Coppi da barantaka ya fara, domin a 1940 an ɗauke shi ne ya yi wa Gino Bartali hidima a Zagayen Italiya, sai ya ci tseren yana ɗan shekara 20, daga nan kuma ƙasar ta rabu biyu. Bartali mutum ne mai riƙo da addininsa na Katolika, ƙauyawa da limaman coci na bayansa. Coppi kuwa na 'yan birni ne da masu son sabon zamani. A gidajen shan gahawa da shagunan aski babu zancen da ya fi wannan zafi. Gabar ta kai ga a gasar duniya ta 1948 a Holan, suna sanye da rigar ƙasa ɗaya, kowannensu ya gwammace ya janye da ya taimaki ɗayan, hukumar tseren ƙasarsu ta dakatar da su duka biyun. Sai da tsohon gwani Alfredo Binda ya shiga tsakani ya yi sulhu kafin suka tafi Faransa tare a 1949, shekarar da Coppi ya zama mutum na farko da ya haɗa Zagayen Italiya da na Faransa a shekara guda.

A ƙungiyarsa ta Bianchi Coppi ya tara barori waɗanda suka san aikinsu ɗaya ne tak, irin su Ettore Milano da Andrea Carrea, mutanen yankinsu, waɗanda ba sa jiran ya yi magana kafin su san yana jin ƙishirwa. Labarin Carrea shi ne, a ganina, mafi taɓa zuciya a duk tarihin sana'ar. A Zagayen Faransa na 1952, a zangon da ya ƙare a birnin Lozan na Suwizalan, ya bi wasu mahaya da suka tsere wa ayari domin kawai ya tsare wa maigidansa maslaha. Tazarar ta yi ta buɗewa, da aka yi lissafi da yamma sai ga shi shi ne jagoran tseren gaba ɗaya. Aka kira shi aka sa masa rigar rawaya, abin da dubban mahaya suka mutu suna mafarki, shi kuwa ya fashe da kuka, saboda a lissafinsa ya ci amana, ya zauna a mazaunin da ba nasa ba, bai kuma san da wace fuska zai dubi Coppi ba. Coppi bai yi fushi ba, ya taya shi murna. Kashegari aka hau dutsen Alpe d'Huez, karo na farko da tseren ya taɓa hawansa, Coppi ya ci zangon ya karɓi rigar, Carrea ya koma ɗaukar ruwa hankalinsa kwance. Mai karatu zai iya cewa ai wannan kura ce da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin tazarar albashi tsakanin gwani da bara babba ce. Amma adalci ne a ambaci cewa al'adar sana'ar ta ɗora wa wanda ya ci ya bar wa abokan aikinsa kuɗin kyautar su raba, har da makanikai da masu tausa, kuma bara nagari yakan daɗe yana cin abinci a sana'ar fiye da rabin gwani wanda ya ƙi yi wa kowa aiki.

Ajalin Coppi daga yankinmu ya fito. A watan Disamba na 1959 ya zo ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso domin tseren nuni da farauta, ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, likitocin da suka duba shi a gida ba su gane ciwon da wuri ba, ya mutu ranar 2 ga Janairu 1960 yana da shekara 40, alhali abokin tafiyarsa Raphaël Géminiani, wanda aka gane nasa a Faransa, ya warke.

Tsarin da Coppi ya bari yana tafiya daidai muddin gwani ɗaya ne a gida, kamar yadda Eddy Merckx na Beljiyam ya tafiyar da nasa a shekarun da ya ci Zagayen Faransa sau biyar, babu mai ɗaga masa kai. Fitina tana tashi ne idan bara ya kai ƙarfin maigida, tun da ba a sarki biyu zamani ɗaya. A 1985, a ƙungiyar La Vie Claire, Bernard Hinault ya faɗi ya karya hanci yana neman nasararsa ta biyar, matashin Ba'amurke Greg LeMond kuma ya sami damar wuce shi a kan duwatsu, aka umarce shi daga mota da ya dakata; ya yi biyayya, Hinault ya ci, ya kuma yi alkawari a bainar jama'a cewa baɗi shi zai yi wa yaron hidima. Da baɗin ta zo sai aka ga Hinault yana kai hari zango bayan zango, yana cewa gajiyar da abokan hamayya yake yi, LeMond kuwa yana ganin da shi ake. Ƙungiyar ta dare biyu, suka isa ƙolin Alpe d'Huez hannu cikin hannu suna murmushi, amma zukata ba su haɗu ba. LeMond ya ci a 1986, Ba'amurke na farko. Ni dai ina ganin alkawarin da cikawarsa ke hana wanda aka yi wa barci, an cika lafazinsa ne an bar ma'anarsa.

Akwai kuma fuskar haɗin kai wadda ba ta da kyan gani, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta. Shan ƙwayoyin ƙara kuzari tsohon abu ne a sana'ar, Coppi da bakinsa ya amsa yana sha a lokacin da doka ba ta hana ba, Tom Simpson na Ingila kuma ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux a 1967 da irin ƙwayoyin a jikinsa. Amma a 1998, da aka kama mai tausar ƙungiyar Festina a kan iyakar Beljiyam da Faransa da mota cike da magunguna, duniya ta gane cewa abin ya zama aikin ƙungiya, da likita da asusu da jadawali. Lance Armstrong ya ci zagayen sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005 a bayan barori waɗanda aka yi ta yabon ɗa'arsu, alhali wani ɓangare na ɗa'ar shi ne su sha abin da aka ba su kuma su rufe baki. A 2012 mutum 11 daga cikin tsofaffin abokan aikinsa suka ba da shaida, aka ƙwace nasarorin duka, aka bar gurbin shekarun nan bakwai babu sunan kowa. Biyayya tana da haddi, kuma waɗannan bayin Allah an tura su sun ƙetare shi da barazanar rasa abincinsu.

Bayan wannan girgiza ne ƙungiyar Sky ta Birtaniya, wadda Dave Brailsford ya jagoranta tun kafuwarta a 2010, ta zo da horo na lissafi. Sukan kwashe mahayansu su kai su dutsen Teide a tsibirin Tenerife, su yi makonni suna kwana a tudun da ya haura mita 2,000, inda ƙarancin iska ke sa jiki ya ƙara jini. Ana auna abincin kowa, ana bin su da katifa da matashi daga masauki zuwa masauki domin kada barci ya canja, kowane keke kuma da na'urar da ke nuna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a kan feda, ga rediyo a kunne ana ba da umarni daga mota. A kan dutse sai su jeru, kowa ya ja ayari gwargwadon adadin da aka yanka masa, ya kauce, na bayansa ya karɓa, har ya rage saura gwani. Aikin da yatsun Cavanna suke yi, na'ura ta karɓe shi. Sun ci zagayen sau bakwai tsakanin 2012 da 2019, na ƙarshen a ƙarƙashin sunan Ineos, magoya baya da yawa kuwa suka riƙa kukan an kashe wa tseren armashi. Duk da haka lissafi bai kawar da tsohuwar fitina ba, domin a 2012 Chris Froome, haifaffen Nairobi, ya yi gaba ya bar maigidansa Bradley Wiggins a kan dutse, sai da aka kira shi ta rediyo ya sassauta. Wiggins ya ci, Froome ya zo na biyu, daga baya shi ma ya ci sau huɗu.

Shari'ar da ta fi kusa da mu ita ce ta 2023. Ƙungiyar Jumbo-Visma ta Holan ta ci Zagayen Italiya da Primož Roglič, ta ci na Faransa da Jonas Vingegaard, kuma a duka biyun Ba'amurke Sepp Kuss ne ke jan su a kan duwatsu har inda ƙarfinsa ya ƙare. Da aka zo Zagayen Sifaniya, wanda shi ne na uku da ya shiga a shekarar, sai abin da ya sami Carrea ya same shi: ya bi 'yan gaba a wani zango, daga baya jar rigar jagora ta faɗo hannunsa, iyayen gidansa biyu na bayansa a lissafi. A kan dutsen Angliru, ranar da ya cika shekara 29, su biyun suka yi gaba suka bar shi, ya tsira da rigar da daƙiƙa 8 kacal. A nan ne magoya baya, waɗanda aka saba ganin maganarsu ba ta wuce gefen hanya, suka yi ca a kan ƙungiyar daga ƙasashe da yawa, suna tambaya wane irin gida ne wannan da mutum zai yi shekaru yana tare wa wasu iska, ranar da rabonsa ya zo kuma su su zame masa abokan hamayya. Akwai masu cewa tsere ba sadaka ba ne, wanda ya fi ƙarfi shi ya kamata ya ci, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Amma sun manta cewa da ƙa'idar nan aka bi tun farko, da Kuss bai jira kowa ba a Italiya da Faransa. Wanda ya karɓi hidima bashi ya ci, kuma a ganina magoya bayan sun yi gaskiya. Shugabannin ƙungiyar suka zauna a daren, kashegari aka ga gwanayen biyu suna yi wa baransu rakiya. Kuss ya shiga Madrid da tazarar daƙiƙa 17 a kan Vingegaard, Roglič na uku, karo na farko da ƙungiya ɗaya ta haɗa manyan zagaye uku a shekara guda. Kafin shekarar ta fita kuma Roglič ya bar ƙungiyar ya koma wata.